Kwanon Kunu a Gadon Motar Apollos

Apollos Zadok yana da shekara sittin da tara, direban gwamnati ne mai ritaya. Yana zaune a Jambutu cikin Jimeta tare da matarsa Edith, a gida mai ɗaki uku da ya gina tun yana aiki. 'Ya'yansu sun watse. Maza biyu suna Abuja, autarsu Virtue tana koyarwa a Jalingo. A tsakar gidan, ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, akwai tsohuwar bas fara ƙirar Jamus, hancinta na fuskantar get. 'Yan unguwa suna kiranta Ɗakin Bature.

Sunan yana da asali. Wasu Turawa biyu, mata da miji, suka shigo da ita ta hamada a farkon shekarun casa'in da niyyar wucewa Kamaru. Zazzaɓi ya kwantar da matar a Jimeta, suka sayar da motar suka hau jirgi. A cikinta akwai gado mai katifa a can baya, da kabad, da ƙaramin firji, da tankin ruwa mai famfo. Wata majami'a ce ta fara saye, fastoci suka yi ta zagayen ƙauyuka da ita har ta gaji. Da Apollos ya bar aiki sai ya karɓe ta ya gyara. Shi da Edith 'yan ƙasar Ganye ne, kuma shirinsa shi ne duk damina su tafi ƙauye su yi noman gyaɗa, su kwana a motarsu ba tare da sun tayar da wani daga ɗakinsa ba. Sun yi haka damina huɗu.

A ƙarshen Oktoba na 2014 Mubi ta faɗa hannun 'yan tayar da ƙayar baya. Virtue tana karatu a can. Wayar ƙarshe da ta yi, ta ce suna tafe da ƙafa cikin daji, sun nufi wajen Hong. Apollos ya tuƙa motar ya haye gadar Binuwai, ya wuce Girei da Song. Gaba da Gombi ya same ta a bakin titi cikin jama'a, ƙafafunta sun kumbura.

Ya ce 'yarsa kaɗai ya je ɗauka. Amma Virtue ta yi tafiyar ne da wata mata mai goyo, matar kuma tana da surukarta, surukar tana riƙe da jikoki. Kafin ya rufe ƙofa mutum fiye da ashirin sun shiga. Bayan motar ya zauna. Kusa da Song suka faɗa wani rami a bakin kwalbati, sifirin ɗin gefen hagu ya karye, shokazoba ta fashe man cikinta ya tsiyaye. Suka jefar da firji da kabad da tankin ruwa. Duk da haka taya na gugar jikin mota tana hayaƙi. Mazan da ke ciki suka sauka suka ci gaba da ƙafa, motar ta rarrafo Jimeta da mata da yara. Apollos bai san sunan ko ɗaya daga mazan ba, bai kuma sake jin labarinsu ba.

Washegari ya kai motar Yola Gari wurin Hamman, bakaniken da suka yi aiki tare a garejin gwamnati. Hamman ɗan tsohon gida ne a garin, ya girmi yawancin masu gareji amma Apollos ya girme shi, don haka Hamman yake kiransa Bappa, yadda mutanen Yola ke kiran ƙanen uba. Abu ɗaya Apollos ya gaya masa: a yi mata aikin da ba za ta ƙara zama ba, ko mutum nawa aka loda.

Hamman ya yi aikin. Sifirin na irin wannan mota dogayen ƙarafa ne masu lanƙwasa da ake jerawa falle-falle, su ke ɗaukar nauyi. Shokazoba kuma aikinta ta kwantar da tsallen da sifirin ke yi. Hamman ya ƙara falle biyu a kowane gefe daga wata ƙaramar babbar mota da ta mutu, ya ɗaura shokazobar ita wannan motar, ya yi waldar sababbin kunnuwa don ta zauna. Cikin watan Nuwamba Apollos ya yi ta zirga-zirga tsakanin Gombi da Jimeta, motar ba ta ƙara zama ba. Bayan haka wani iyali daga Michika suka zauna a cikinta a tsakar gidansa har damina ta kewayo.

Ƙura ta lafa, mutane suka koma garuruwansu, amma Apollos bai mayar da motar yadda take ba. Tankin manta ba ya sauka ƙasa da rabi. Duk Asabar yana tayar da inji, ya zagaya yana dukan tayoyi da ƙafa. Ba ya ajiye ta sai hancinta na kallon get. In babu kaya a ciki, tsalle take yi kamar akuya a kan kowane ɗan tudu. Edith ta shiga sau biyu ta ce haƙoranta na karo da juna, daga nan in za su ƙauye sai su je tasha su shiga motar haya. Shekara goma motar na tsaye cikin shiri.

Edith tana da shekara sittin da uku. Ta yi koyarwa a firamare, bayan ritaya ta koma yin kunun zaƙi da zoɓo tana ba masu shaguna. Shekara biyu da suka wuce santsi ya kwashe ta a bakin famfo, aka yi mata aiki a ƙashin baya. Tana tafiya da sanda cikin gida, amma ba ta iya dogon zama. Likita ya ce in tafiya ta zama dole, a kwance za ta yi ta, kuma kada a jijjiga ta.

Mahaifiyarta tana can ƙauye, ta haura casa'in, idanunta sun tafi. Tun faɗuwar Edith ba su haɗu ba. A watan Afrilun bana ƙanen Edith, Gabriel, ya bugo waya ya ce tsohuwa ta rage cin abinci, kuma duk wanda ya shigo ɗakin sai ta tambaya ko Edith ce.

'Ya'yan suka ce a ɗauki motar asibiti. Edith ta ƙi. Ta ce ranar da motar asibiti ta shiga ƙauyensu, mata za su fara kuka tun kafin a buɗe ƙofa, tsohuwa kuma kunnenta garau yake. Mota ɗaya ce ta rage mai gado a ciki.

Apollos ya leƙa ƙarƙashinta ya ga shokazobar hagu ta jiƙe da mai. Ya yanke cewa ita ce matsalar. Ya kwance ta hagu da ta dama ya sa a buhu, ya nufi layin masu kayan gyara a Jambutu, shagon Fredrick, wanda ya daɗe yana sayar wa direbobin tasha.

A wannan layi hanya ɗaya ake gwada shokazoba. Mai saye ya kafa ta a ƙasa, ya ɗora ƙirjinsa a kai ya danna da duk nauyinsa. In ta shige, sai ya tura ta gefe. Wadda ta ƙi, ita ce mai kyau. Kusan duk masu zuwa layin masu lodi ne, na doya ko na fasinja, kuma abin da suke tsoro shi ne mota ta zauna. Fredrick ya ce tun da ya buɗe shago ba wanda ya taɓa neman mai laushi.

"Baba, danna wannan," in ji Fredrick, ya miƙo wata sabuwa ja. "Na gas ne. Orijinal."

Apollos ya danna. Ba ta motsa ba.

"Ka gani? Ko shanu ka loda, no wahala."

"Ba shanu zan ɗauka ba. Madam ce."

"To ai Madam ta fi shanu daraja. Ka sa mata mai ƙarfi."

Apollos ya sake dannawa, ya ji daɗin yadda ta ƙi, ya ɗauki biyu.

Hamman ya jujjuya su a hannu kafin ya ɗaura. "Bappa, wa za ka ɗauka?"

"Maman Virtue."

"Da bayan nan nata?"

"Shi ya sa na sayi sababbi."

"Sababbi ne kam," in ji Hamman. "Amma in so kake ta yi laushi, ba nan za ka fara ba. Ƙarafan da na ƙara maka su za a cire."

"Sa mini waɗannan tukuna."

Hamman ya sa.

Da ya dawo gida ya ce wa Edith ta zo a zagaya da ita ta ji. Ta ce ba za a yi gwaji da bayanta ba. Ta sa aka ɗauko mata kwanon sha, ta cika shi da kunu, ta bar tazarar yatsa ɗaya zuwa baki. Ta ce ya ajiye shi a kan katifa daidai inda ƙugunta zai kwanta, ya bi hanyar bayan tasha mai gargada ya dawo.

"Ruwa bai isa ba? Sai an yi ɓarnar kunu?"

"Ruwa yana bushewa, Baban Virtue. A zafin Yola kafin ka iso get ya bushe, ka ce mini bai zube ba. Kunu ba ya ɓoyuwa."

Ya tafi ya dawo. Kwanon yana kife a ƙasa. Akwai kunu a katifa, da jikin taga, da rufin mota. Edith ta dogara sandarta ta leƙa, ta ɗaga kai ta dubi rufin.

"Har sama," ta ce. Ta koma ɗaki.

Apollos ya wanke motar, ya shanya katifa. Ya san motar tana kwantawa in ta ji nauyi, don ya tuƙa ta cike da mutane ta tafi lafiya lau. Sai ya je wurin masu bulo ya aro ya jera a ƙarƙashin gadon da gefensa har bayan motar ya ɗan sauka. Edith ta sake cika kwano. Wannan karon ya dawo da rabin kunun. Ya ce an samu ci gaba. Ta ce rabin bayanta ke nan zai isa ƙauye.

Ya ce zai ƙara bulo. Ya ƙara, ya nufi Yola don Hamman ya gani. Kafin ya shiga gari allurar zafi ta haura, lagireto ya fara tafasa. Injin ya tsufa, ranar kuma ta Afrilu ce. Ya isa garejin yana tsayawa yana zuba ruwa.

Hamman ya buɗe ƙofar baya ya ga bulo. Ya daɗe yana kallo.

"Ɗaki za ka gina wa surukarka?"

"Nauyi take so."

"Na san nauyi take so, ni na yi ta haka. Amma bayan Jada yashi ne. Ka shiga da wannan lodi ka kafe, Adda Edith na kwance a ciki, wa zai tura? Ni dai ba ni zuwa."

Apollos ya mayar da ƙofar baya ya rufe.

"Falle huɗu ne, Bappa. Yini ɗaya na cire."

"In ka cire, mutum nawa za ta ɗauka?"

"Yadda Bature ya yi ta. Shida, bakwai, da ɗan kaya."

"Ashirin fa?"

"Za ta zauna."

Apollos ya jira injin ya huce, ya mayar wa masu bulo kayansu, ya koma gida ya ajiye motar tana kallon get. A makon nan rediyo ya ba da labarin wani hari a wani ƙauye can arewa da Hong. Irin labarin da ake ji lokaci-lokaci ne, yawancin mutanen Jimeta sun saurara sun wuce. Apollos ya je ya cika tanki. Bai ƙara tayar da maganar tafiya ba.

Ranar Lahadi bayan sujada Gabriel ya sake bugowa. Ya ce tsohuwa ta bar tuwo gaba ɗaya, sai kunu take kurɓa. Edith ta ajiye wayar. Tana kwance a doguwar kujera a baranda, Apollos na zaune a bakin ƙofar motar yana goge fitila.

"Hamman ya ce me?"

"Ya ce a cire ƙarafan."

"To?"

"In abu ya sake tashi fa? Kin ji rediyo."

"Na ji."

"Ranar nan da ƙarafan suna jiki, da ba wanda ya sauka a Song."

Edith ta juyo ta dube shi. Tun 2014 ba ya yawan ambaton Song, ita ma ba ta tayar masa.

"Ban ce ka yar da su ba," ta ce. "Ka cire ka ajiye a bayan ɗaki. In abu ya tashi, Hamman yana nan, sifana yana nan. Shekara goma kana ajiye wa mutum ashirin wuri. Ba su zo ba, Allah ya sa kada su zo. Ni ɗaya ce, ina nan, uwata kuma ba za ta jira ka gama tunani ba."

Apollos ya ci gaba da goge fitilar. Can ya ce, "In ya tashi da sauri, babu lokacin ɗaurawa."

"Babu," in ji Edith. 

Ranar Litinin da safe ya kai motar Yola. Hamman bai yi masa ba'a ba. Ya ɗaga ta a jak, ya kafa katako, ya kwance notunan da suka yi tsatsa da ƙyar. Aka zare fallayen ɗaya bayan ɗaya aka jingine a bango. Aka yanke kunnuwan da aka yi wa walda. Apollos ya zauna a benci yana kallo, ya ƙi shayin da aka kawo masa. Da aka sauke motar ta yi ƙasa da kusan tafin hannu. Ya zagaya ta ya ce ta koma ƙarama.

Saura shokazoba. Jajayen nan biyu sun yi tsawo yanzu, sun kuma yi tauri. Na asalin motar an jefar da su tun shekarar gudu. Hamman ya auna tazarar da igiya, ya ƙulla, ya sa a aljihu, suka tafi Jambutu tare.

Fredrick ya karɓi jajayen ba musu, don ba su yi tafiya ba. Da ya ji abin da ake nema sai ya yi dariya.

"Mai laushi? Baba, za ka ɓata mini suna a layi."

"Ba wanda zai ji," in ji Hamman. "Fito da na mai. 'Yan Beljiyam, waɗanda direbobi suka ƙi."

Fredrick ya shiga ƙuryar shago ya yi ta jan kaya. Ya fito da baƙaƙe guda biyar da aka ciro daga motocin Turai, duk sun yi ƙura. Ɗaya da ita yake tokare ƙofar baya. Hamman ya jera su, ya gwada da igiyarsa, ya ture biyu. Apollos ya ɗauki ɗaya daga sauran ya kafa a ƙasa ya ɗora ƙirji. Ta shige sumul. Ya yamutsa fuska.

"Yanzu ja ta," in ji Hamman.

Apollos ya taka gindinta ya ja. Ta fito, amma a hankali, tana riƙe hannunsa tun daga ƙasa har sama.

"Abin da muke nema ke nan. Ta karɓi rami da sauƙi, ta hana mota wullo mutum sama bayan ramin. Sake yi, ka ji ko akwai inda take sakewa."

Ta biyu tana da wurin da take zamewa fayau a tsakiya, alamar man cikinta ya ragu. Aka ajiye ta. Ta uku ta yi daidai da ta farko, ita ce mai tokare ƙofa. Hamman ya sa Apollos ya ja su biyun bi da bi har ya yarda ƙarfinsu ɗaya, don in ɗaya ta fi, motar za ta riƙa karkata a kan gargada. Fredrick ya kawo robobin da ake sawa a maɗaurin shokazoba, waɗanda aka yanka daga tsohuwar taya, yadda aka saba. Hamman ya ce sababbi na kwali yake so.

"Yau dai Madam ta zama gwamna," in ji Fredrick. Ya nemi dutse ya tokare ƙofarsa.

A gareji Hamman ya ɗaura su, ya duba na gaba ya ce za su kai. Sannan ya tsuguna wajen taya ya tambayi iskar da ake sa mata. Apollos ya faɗa. Iskar lodi ce, wadda ya saba tun 2014. Hamman ya aika aka kira mai faci ya rage.

Da yamma Edith ta cika kwano karo na uku. Apollos ya bi hanyar bayan tasha. Ya ce a ramin farko ya riƙe sitiyari yana jiran duka, sai ya ji bayan motar ya nutsa ya taso sau ɗaya ya tsaya. Da ya shigo get bai buɗe ƙofar baya ba, ya bar mata. Kwanon yana inda ta ajiye shi. Kunun ya lashi baki ta gefe ɗaya, ɗigo biyu a zanen gado. Edith ta duba katifar, ta duba rufin. Ta ɗauki kwanon ta sha, ta miƙa masa sauran.

"Laraba," ta ce.

Sun tashi da safe kafin rana ta yi zafi. Edith na kwance, filo a ƙarƙashin gwiwa, an buɗe tagar gefenta. Apollos bai wuce giya uku ba a yawancin hanyar. Motocin haya suka yi ta wuce shi suna hon. Suka bi Ngurore. A Mayo Belwa wasu mutane masu buhuna suka ga bas ba kowa suka ɗaga hannu. Ƙafarsa ta sauka daga totur, har ya gangara gefe. Ya leƙa ya ce musu babu wuri, akwai marar lafiya. Wata tsohuwa da ba ta da kaya sai ƙullin goro ta ce Jada za ta. Ita ya ɗauka a kujerar gaba. Ta yi ta hira da Edith ta baya da Fulatanci har ta sauka.

Bayan Jada suka bar kwalta. A nan ya riƙa tsayawa yana tambayar baya. Sau ɗaya Edith ta ce ya tsaya ta juya gefe. A wani rafi da ya ƙafe tayoyin suka nutsa cikin yashi, motar ta yi gurnani ta fita. Edith ta ce daga baya, "Da bulonka ne da nan muka kwana." 

Sun shiga ƙauyen da la'asar. Yara suka gane motar, manyansu suka tuna ta. Ba wanda ya yi kuka. Gabriel da Apollos suka riƙe Edith har ɗakin tsohuwa. Edith ta gaishe ta da yarensu. Tsohuwar ta miƙa hannu ta laluba fuskarta, ta sauko kafaɗa, ta taɓa sandar.

"Ke ma da sanda?"

"Ni ma, Mama."

"To wa zai riƙe wani?" Ta riƙe hannun Edith ba ta saki ba. Bayan ɗan lokaci ta tambaya ko mijin nan nata mai tuƙi ne ya kawo ta, aka ce shi ne, yana bakin ƙofa. Ta ce ya daɗe a hanya.

Sun yi mako biyu. Shimfiɗar ƙasa ta fi ƙarfin bayan Edith, don haka a motar ta riƙa kwana ƙarƙashin mangwaro, kamar shekarun noman gyaɗa. Da rana a kai ta ɗakin uwarta ta kwanta kusa da ita. Ita ke dama mata kunu da hannunta. A mako na biyu tsohuwar ta karɓi tuwo mai laushi. Har zuwa rubuta wannan tana nan da rai, ba ta tashi, amma tana ci. Edith ta gaya mata za ta dawo lokacin sabuwar doya.

Fallayen sifirin huɗu suna Jambutu. Apollos ya shafa musu baƙin mai ya jingine a bayan ɗaki tare da notunansu cikin gwangwani. Biyu suna nan yadda ya ajiye. Biyun kuma Edith ta sa an ɗora su a kan bulo, a kai ake kife tukwanen kunu su bushe. Ya gani, ya bar su. Tankin motar har yanzu ba ya sauka ƙasa da rabi, hancinta kuma yana kallon get.

Ranar Talatar da ta wuce ya kai ta Yola, don Hamman ya ce bayan tafiyar farko a zo a ƙara ɗaure notuna. Hamman ya shiga ƙarƙashi da sifana. Daga can ya ce, "Bappa, tun da ina nan, a mayar da ƙarafan?"

Apollos ya tsuguna ya leƙa. Ya ce a bar su tukuna, akwai tafiyar doya. Sannan ya nuna shokazobar hagu ya ce a goge ta a duba, kamar ya ga danshi. Hamman ya goge da tsumma. Ƙura ce. Apollos ya sa yatsa ya shafa da kansa, ya tashi ya je ya danna bayan motar da hannu biyu, ya saki, ya tsaya yana kallo har ta daina motsi.